Noman ganye a ruwa: akwai riba kuwa?

Tambaya: Ina da ɗan jari da ƙaramin fili. Ana ta yaba noman ganye a ruwa ba tare da ƙasa ba, wato haidirofonik. Sana'a ce mai riƙe mutum?
Daga wani mai karatu

Amsa: Malam, tana riƙe mutum, amma wanda ya samu mai saye tun kafin ya sayi bututu. Ganye ba ya ajiyuwa, kuma kuɗin da za ka kashe ya fi na mai noma a ƙasa. Sai ka nemi masu biyan farashi mai kyau saboda tsafta da samun kaya kowane mako, irin otal-otal da manyan kantuna.

Murabba'in mita ɗaya yana ɗaukar latas 20 zuwa 25, ana girbe shi mako 4 zuwa 5 bayan dashe. Yi lissafinka a kan wannan, ka cire kuɗin iri, taki, wuta, leda da ladan ma'aikaci. Ka dogara da hasken rana a ƙarƙashin rumfa. Fitilun lantarki suna cinye riba, kuma ko kamfanin AeroFarms na Amurka, mai noman ganye da fitilu a cikin gini, duk da ɗimbin jarinsa, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2023.

Asara ta fi zuwa ta wajen ruwa. Riƙe ma'aunin tsami, pH, tsakanin 5.5 da 6.5, ƙarfin taki, EC, tsakanin 1.2 da 1.8, a auna kullum. Kada ka haɗa kalsiyam naitiret da takin fosfet ko salfet a mazubi ɗaya alhali suna da kauri: za su daskare su kwanta a ƙasa, shuka ba ta samu ba. Ruwa ya wuce digiri 26, iskar cikinsa ta ragu, saiwa ta koma launin ruwan ƙasa ta ruɓe. Binne tanki a ƙasa yana rage zafin. Idan bakin sabon ganye yana ƙonewa, kalsiyam ne bai isa wurin ba, galibi saboda rashin kaɗawar iska, sai a sa fanka.

A tsarin bututu, inda famfo ke tura ruwan taki zuwa saiwoyi, in famfo ya tsaya da rana, cikin 'yan awoyi ganye ya yanƙwane. In wutarka ba tsayayya ba ce, fara da tsarin Kratky, wanda saiwa ke zama cikin mazubin ruwan taki, ba ya buƙatar famfo, da shuka kamar 200, ka yi girbi uku kafin ka faɗaɗa.