Amsa ga mai son ƙara ƙasa a tankin jatan lande

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya: tankinka mai lita 40 ya kai wata takwas, jajayen jatan landen suna ta haihuwa, amma shimfiɗar ƙasan ba ta wuce santimita biyu ba, duk shukar da ka kafa sai ta tuge ta taso. Kana son ƙarawa, kana kuma tsoron asara. Tsoronka yana kan hanya, domin ni ma sai da na yi asara kafin na gane.

Ana iya ƙarawa ba tare da an kwashe su ba. Sai dai ka fara sanin abin da za ka zuba, don abin da ake sayarwa iri biyu ne. Akwai yashi da tsakuwa waɗanda ba ruwansu da sinadaran ruwa. Akwai kuma baƙar ƙasar nan da ake dunƙulawa ƙanana kamar ƙwayar gero, wadda aka yi musamman don shuke-shuken ruwa. Ita wannan tana janyo KH (awon sinadarin kabonet da ke hana ruwa yin tsami) ƙasa, ta sauke pH (awon tsamin ruwa, in ya sauka tsami ya ƙaru), kuma da yawa daga cikin irinta suna fitar da amoniya, wani sinadari mai guba ga jatan lande, har makonni bayan an jiƙa su.

Ita na saya shekarun baya. Na juye rabin buhu a tankin da ya riga ya zauna, ina murna shukokina za su samu taki. Kwana uku ban ga komai ba. A na huɗu na tarar da jatan landen sun taru a saman soson matatar ruwa kusa da iska, ba mai kiwo. Kafin mako biyu manyan matan, masu ɗauke da ƙwai, sun ƙare, wasu da farin zobe a bayan kai, alamar saɓa ta gagara. Laifina ne, ban auna ruwa ba ko sau ɗaya. Har yanzu abin yana mini ciwo, shi ya sa nake tsawaita maka.

Naka jajayen, Neocaridina, ba sa buƙatar wannan ƙasar. Suna rayuwa lafiya a pH 6.5 zuwa wajen 8, kuma suna son ruwa mai ɗan ma'adinai don ɓawonsu ya yi ƙwari. Masu ja da fari, Caridina, su ne ke son ruwa mai ɗan tsami, KH kusan sifili, su aka fi shimfiɗa wa baƙar ƙasa. Idan kuma ruwan burtsatse kake amfani da shi mai KH da yawa, ƙasar za ta riƙa sauke shi, kai kana mayar da shi duk ranar canjin ruwa. Wannan hawa da saukar ya fi komai wahalar da jatan lande. Ni dai shawarata ka nemi irin abin da ke ciki yanzu, ko tsakuwa ƙanana marasa sinadari.

Kafin ka yarda da kowace tsakuwa, ɗebi kaɗan ka ɗiga mata ruwan khal, wato binega. In ta yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, za ta ɗaga maka KH da GH (awon yawan ma'adinan kalsiyam da magnesiyam a ruwa), ka bar ta. Yashin rafi kuma ina gudunsa, musamman kusa da gonakin rani inda ake feshi, don maganin ƙwari ɗan kaɗan ya isa ya share tanki. Ka wanke a bokitin da bai taɓa ganin omo ba har ruwan ya yi garau, ɗaurayar ƙarshe da ruwan da ba kulorin.

In ka nace sai baƙar ƙasar, kada ka cuɗa ta, narkewa take ta zama taɓo. Jiƙa ta a bokiti, ka riƙa canja ruwan duk kwana biyu, kana auna amoniya. Sai ta nuna sifili sau biyu a jere za ta shiga tanki, ko da hakan zai ci wata guda.

Wajen zubawa, ka raba ƙasan tankin gida huɗu a idonka, gida ɗaya kowane mako, kaurin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dalili shi ne saman tsohuwar shimfiɗar nan da kake gani kamar datti, nan ne abincin jarirai yake, wani ɗan yauƙi na ƙananan halittu da suke tsinta dare da rana, kuma akwai bakteriyar da ke cinye amoniya. In ka rufe duka rana ɗaya ka binne musu rumbu. Ka fara ajiye ɗan dafaffen alayyahu a kusurwar nesa, ka jira rabin awa su taru can. Sannan ka haska tocila a wurin da za ka zuba, ka kore ƙananan da tsinke a hankali. Sabon ƙyanƙyasa bai fi milimita biyu ba, ido yana tsallake shi.

Kada ka zuba daga sama. Cika gorar ruwa da jiƙaƙƙiyar tsakuwar, ƙarasa ta da ruwan tankin, toshe baki da babban yatsa, kifa ta har ƙasa sannan ka saki. Tsakuwar za ta zubo a inda kake so, ƙurar ta tsaya cikin gorar. Tsohuwar shimfiɗar kuwa kada ka tona ta, abin da ya kwanta a ƙasa wata takwas ka bar shi kwance. Jimillar kauri santimita huɗu zuwa biyar ya ishi yawancin shuke-shuke. Yashi mai laushi in ya yi zurfi sosai yana riƙe iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

A makonnin nan kada ka wanke soson matatar, ka rage abinci, ka auna amoniya da naitirait (gubar da bakteriya ke mayar da amoniya zuwa gare ta) kullum. In ɗaya ya motsa daga sifili, dakata da ƙarin, ka canja kashi 10 cikin 100 na ruwan, sabon ya shiga ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo. Kuma don Allah kada ka yi aikin nan a tsakiyar bazara. A watan Afrilu ruwan tankina yana haura digiri 30, iskar ciki ta ragu, gubar amoniya kuma tana ƙaruwa da zafi da hawan pH. In aka ɗauke wuta a irin wannan daren, soso ya tsaya, ba ka da mafita. Bari damina ta sauka.

Wani abu kuma: in shuka ce kawai damuwarka, shukar ruwan da ake kira Anubias da gansakukar Java ba a binne su, a kan itace ko dutse ake ɗaure su da zare, kuma jarirai suna son ɓuya a cikinsu. Turo mana hoton buhun da kake shirin saya tare da awon pH da KH na tankin da na ruwan da kake ɗebowa, sai mu duba tare kafin ka kashe kuɗinka.