Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Buɗewar Bakin Yara a Lokacin Dogon Hutu

Tambaya: Likita, ɗana ya cika shekara 2 amma bai wuce "mama" da "baba" ba. Kakarsa ta ce linzami ne, a kai shi wurin wanzami. (Wata uwa daga Kumo)

Amsa: Hajiya, ina roƙonki da ki lallashi Kaka a bar maganar aska, domin linzami ba ya hana yaro sanin kalmomi, yankan gida kuwa yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Yawancin yara masu shekara 2 suna da kalmomi kusan 50, suna kuma haɗa biyu, kamar "ba ni". Abin da na fi damuwa da shi shi ne kunnensa, saboda sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya suna rage ji ba tare da iyaye sun lura ba, yaron da bai ji magana sosai ba kuwa ba zai iya maimaita ta ba. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a gwada jinsa.

Tambaya: Tun da aka yi hutu 'yata mai shekara 3 take wuni da waya. Ba ta koyon magana a nan? (Wani magidanci daga Azare)

Amsa: Malam, waya ba ta jiran amsar yaro, magana kuwa da ba-ni-in-ba-ka ake koyonta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kallon allon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4. Tunda damina ce, ka tafi da ita gona, ka riƙa ambata mata sunan gero da gyaɗa da fartanya. Idan ta ce "akuya", ka ce "eh, akuya tana cin ciyawa". Da daddare yayyenta, da su ma suke gida, su yi mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a dakata a tsakiya a bar ta ta ƙarasa. Wannan dakatawar ita na fi so iyaye su riƙe.

Tambaya: Muna Fulatanci da Hausa a gida. Hakan zai rikita jaririnmu? (Wata uwa daga Dukku)

Amsa: Ba zai rikita shi ba. Zai riƙa cakuɗa harsunan da farko, daga baya ya rarrabe su da kansa, don haka ku ci gaba da yi masa duka biyun.