Waƙar baƙin ciki da muryar da ke cewa ba ka iya komai ba

Ɗan'uwa ka ce waƙoƙin baƙin ciki kaɗai kake ji saboda suna faɗin abin da zuciyarka ke raya maka, kana tsoron ko suna ƙara maka ciwo. Wallahi nima na taɓa shiga, iyafis a kunne har ƙarfe 2 na dare ina maimaita waƙa ɗaya. Tana sanyaya rai don ka ji ba kai kaɗai ba ne, amma in ka cire iyafis ɗin ka ji ƙirjinka ya ƙara nauyi to rage ta, kar ta hana ka zama da mutane. In damuwar ta wuce sati 2, ba barci ba cin abinci, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna. In tunanin kashe kai ya zo, don Allah ka tafi yau ɗin nan.