Horar da masu kwaikwayon majinyata

Malam, ka tambayi yadda za ku horar da masu kwaikwayon majinyata don ɗaliban likitanci.

Ku rubuta wa kowa labarinsa: shekaru, sana'a, ranar da ciwon ya fara, magungunan da yake sha. Abu mafi wuya shi ne kame baki, kada mai kwaikwayon ya ce yana shan taba sai an tambaye shi. In mutum 3 za su taka rawa ɗaya a jarrabawa, ku horar da su tare, domin in wani ya fi wani nishi, makin ɗalibai zai karkace.

Zazzaɓi da hawan jini ba sa kwaikwayuwa, sai a rubuta sakamakon awonsu a kati. A sa likita ya duba labarin da kuka rubuta tukuna. Gwajin al'aura kuwa, ku yi a jikin mutum-mutumin roba.