Tambaya da Amsa: Wai me ke kashe ƙudan zuma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook wai masanin kimiyyar nan Einstein ya ce idan ƙudan zuma suka ƙare mutane ba za su wuce shekara 4 a duniya ba. Ni dai abin ya ɗaure min kai, ba zuma kawai suke ba mu ba? Don an rasa zuma sai a mutu?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maganar Einstein ɗin nan ki ajiye ta gefe, masu bin diddigin rubuce-rubucensa sun duba ba su same ta ba, jingina masa aka yi. Kuma ko babu ƙudan zuma ba za a rasa hatsi ba, don alkama da shinkafa da masara iska ce ke musu barbara ko su yi wa kansu. Amma fa kar ki ce abin wasa ne, don zumar ita ce ƙaramin aikinsu.

In kin samu dama ki tsaya gaban kabewa da sassafe lokacin da furenta ya buɗe. Fure iri biyu za ki gani, namiji daban mace daban, macen tana da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne ɗan kabewar tun yana jariri. Ƙudan zuma zai kutsa cikin namijin ya fito jikinsa duk ya yi rawaya da garin fure har da dunƙule a ƙafafunsa na baya, sannan ya faɗa cikin macen neman ruwan zaƙi, a nan garin ke zuba. In bai zo ba kafin furen ya rufe da rana, ƙullutun nan sai ya yanƙwane ya faɗi, shi kenan babu kabewa. Haka kankana take, haka gurji, tuffa ma tana buƙatar barbarar ƙwari. Rahoton da kwamitin masana na duniya IPBES ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da muke ci suna amfana da irin wannan barbara, duk da ba ƙudan zuma kaɗai ke yi ba, akwai malam-buɗe-littafi da ƙudaje da tsuntsaye har da jemage. A jihar Kalifoniya ta Amurka duk watan Fabrairu sai an loda amya wajen miliyan 2 a tireloli an kai gonakin almon, wani ɗan itace da ake cin ƙwararsa, haya ake biya saboda aikin barbara kawai. A wasu yankunan lardin Sichuan na ƙasar Sin kuwa mutane ne ke hawa bishiya da ɗan buroshi suna shafa wa furanni garin ɗaya bayan ɗaya. Ki duba wannan wahala, aikin da ƙwaro ke yi kyauta.

Tambaya: Malam ni na ji an ce ƙarfunan sabis na waya ne ke rikita su har su kasa komawa gida. Gaskiya ne? In ba su ba ne to mene ne?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarfen sabis dai ba a kama shi da wannan laifi ba, an yi ta yaɗa zancen amma babu hujja mai ƙarfi. Zancen ya samo asali ne daga abin da ya faru a ƙarshen 2006, lokacin da masu kiwon zuma a Amurka suka fara buɗe amya su tarar da sarauniya tana nan, zuma tana nan, 'ya'ya suna cikin saƙa, amma ma'aikatan sun ɓace ko gawarsu babu. Hankali ya tashi kowa ya kawo nasa hasashen. Da masana suka zurfafa bincike sai aka gane ba abu ɗaya ba ne, taron dangi ake musu.

Babban maƙiyi a wurina wata 'yar kaska ce da ake kira Varroa, ja-ja ce, girmanta bai wuce kan allura mai ƙulli ba. Asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya take, su sun saba da ita sun san yadda za su kakkaɓe ta, sai ta tsallaka kan irin da ake kiwo a sauran duniya wanda bai san ta ba. Ta shiga Amurka a 1987, Ingila a 1992, Ostireliya da ta daɗe tana tsira ita ma an gano ta can a 2022. Abin da take yi shi ne ta lallaɓa cikin ramin saƙa kafin a rufe wa tsutsa, ta hayayyafa a ciki tana cin kitsen jikin jaririn, kuma tana ɗura masa ƙwayar bairos. Wallahi in ka ga sakamakon sai ka tausaya, ƙudan zuma ne sabon fitowa amma fukafukansa a murɗe kamar takardar da aka dunƙule, yana jan jiki a bakin amya, ba zai taɓa tashi ba balle ya je fure. Amyar da aka bari ba magani yawanci cikin 'yan shekaru take mutuwa.

Na biyu maganin ƙwari, musamman dangin da ake kira niyonikotinoyid irin su imidacloprid. Shi wannan ba a saman ganye yake tsayawa ba, shuka ce ke shanye shi ya bi jikinta har cikin garin fure da ruwan zaƙi. Ba lallai ya kashe nan take ba, ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Ka tuna ƙudan zuma na tafiyar kilomitoci ya dawo gida, har ya yi wa 'yan'uwansa wata rawa yana karkaɗa gindi wadda ke nuna musu inda furen yake da nisansa, wannan rawar ce wani masani Karl von Frisch ya fassara har ya samu kyautar Nobel a 1973. To halittar da duk rayuwarta ta dogara da gane hanya, ka ba ta abin da zai sa ta ɗimauce, ai ka gama da ita. Shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita uku daga cikin magungunan nan a 2013, ta hana amfani da su a fili gaba ɗaya a 2018.

Na uku yunwa, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. An sare daji, an fesa maganin ciyawa an share duk wani furen gefen gona, an shuka abu iri ɗaya iya ganinka, ya yi fure sati biyu ko uku sannan shiru. Mai jin yunwa kuwa ko ƙaramin ciwo kayar da shi yake, balle ga kaska a jiki ga guba a ciki. Sauyin yanayi ma ya ƙara nasa, fure ya fito ba a lokacin da aka saba ba, ga fari.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe don kar wani ya ruɗe ka da alƙaluma. Lissafin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya nuna yawan amyar da ake kiwo a duniya ƙaruwa ma ya yi tun daga 1961, duk da a Amurka ya sauko daga kusan miliyan 6 a 1947 zuwa ƙasa da rabin haka. Dalili shi ne mai kiwo in amya ta mutu sai ya raba wata biyu ya sa sabuwar sarauniya, asara ce amma yana cike gurbi. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne na daji, akwai nau'in ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, yawancinsu ba sa ma yin zuma, a rami ko a kara suke zaune su kaɗai, kuma babu mai lissafa su balle ya raba musu amya.

Tambaya: Ni manomi ne, in ban yi feshi ba ƙwari za su cinye min gona. Ya zan yi?
Daga wani manomi

Amsa: Malam ba wanda zai ce ka zuba ido ƙwari su cinye guminka. Lokacin feshin za ka gyara. Kar ka yi shi shuka tana cikin fure, in ya zama dole to ka bari sai yamma lis ƙudan zuma sun koma gida, kuma ba ranar da ake iska ba. Ka bi awon da aka rubuta a jikin kwalba kar ka ƙara wai don ya fi ƙarfi, in akwai mai amya kusa da kai ka sanar da shi kwana ɗaya kafin nan ya toshe ƙofarsu. Ka bar ɗan gefen gona ciyawa ta yi furenta, lokacin zafi ka ajiye ruwa a faranti ka jera tsakuwa a ciki don su samu wurin tsayawa kar su nutse. In kuma taron ƙudan zuma ya sauka a bishiyarka, don Allah kar ka cinna musu wuta, sarauniya ce ta fito da jama'arta neman sabon gida, ka kira mai kiwo ya zo ya kwashe su a amya.