Filin Tambaya da Amsa: Shin Ɗan Baki ne ko Ɗan Baƙi?

Tambaya: Malam, muna karanta wani labari da ake turo mana ta WhatsApp, tauraronsa ana kiransa "Dan Baki". Gardama ta kaure tsakanina da ƙawayena kan yadda ake furta sunan. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malama, gardamarku tana da tushe, domin haruffa huɗun nan na "Baki" kalmomi uku suke ɗauke da su. Akwai baki na cin abinci: "ba" doguwa ce, murya ta yi ƙasa sannan ta ɗaga a kan "ki". Akwai baƙi jam'in baƙo, wanda tsawonsa da karinsa duk ɗaya ne da na farkon, lanƙwasar ƙ kaɗai ta raba su. Sai baƙi na launi, mai gajeren "ba", gaɓoɓinsa biyu kuma duk a sama. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ajami ya fi shi a nan, don alif yakan nuna an ja wasalin.

Fara da duba lanƙwasa. Nemi kalmomi irin su ƙofa, ɗaki da ɓera a cikin labarin. In kika ga "kofa" da "daki", to wayar marubucin ba ta da waɗannan haruffa, ba za a dogara da k ɗin sunan ba. Tun daga "Dan" ma an ga alama. Wannan sakaci ba ƙarami ba ne: ɗigon lanƙwasa guda ke tsakanin Dauda da dauɗa.

Daga nan koma wurin da aka fara ambatonsa. Laƙabi a Hausa ba ya rasa dalili. In an ce baƙi ne wuluk, ko ana kiran ƙanwarsa 'Yar Baƙa, magana ta ƙare, launi ake nufi. In an haife shi ranar da gida ya cika da baƙi, sai a ja wasalin. In kuwa mai tsiwa ne da ba a kayar da shi a magana, baki ne ba lanƙwasa. Kirari da waƙar da ke cikin labari su ma suna taimakawa sosai, don da kin rera su da furucin da bai dace ba za ki ji sun yi tuntuɓe.

Don tabbatar da karin kalma, ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk suna sa alamomin furuci. In marubucin yana cikin zaurenku na WhatsApp, a roƙe shi ya turo sunan da muryarsa.

Amma a bambance wannan da karin harshe. Basakkwacen da ya ga Faruku ya ce Hwaruku bai yi kure ba, sunan bai sauya ma'ana ba, kuma bai kamata a gyara masa ba. Kuren shi ne mayar da mai baƙar fata mai tsiwa.

Ga marubuta kuma, ku sa allon rubutun Hausa a wayoyinku, sannan ku ba da jimla guda da ke bayyana dalilin laƙabin a babin farko.