Tambaya da amsa: wane satifiket zan fara nema a harkar kwamfuta?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Zango ne nan Damagaram, na gama lisansi ta informatik bara amma har yanzu shiru ba aiki. Abokaina wannan ya ce in yi CCNA, wancan ya ce CompTIA, wani kuma ya ce in wuce kai tsaye CISSP tunda wai tsaron intanet shi ke da kuɗi. Jika ɗari biyu na tara da kyar, ina zan sa su?

Wa'alaikassalam ƙanena. CISSP dai cire ta daga lissafi tukuna, sai wanda ya yi shekara 5 yana aikin tsaro ake ba cikakken satifiket ɗin, kai kuma ko sitaj ba ka ce ka yi ba.

Abin da nake so ka fara dubawa shi ne wa ke ɗaukar ma'aikata kusa da kai. A nan bankuna ne da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waya irin su Airtel da Moov da Zamani, kuma yawanci mutumin da suke nema shi ne wanda in rezo ya yanke zai buɗe akwatin bango ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda matsalar take. Shi ya sa ni CCNA, satifiket ɗin haɗa rezo na Cisco, kamfanin da ke ƙera na'urorin rezo, zan ce ka nufa. Jarrabawa ɗaya ce, lambarta 200-301, minti 120, kuɗinta dalar Amurka 300, kusan duk abin da ka tara kenan, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta. CompTIA A+, satifiket ɗin matakin farko na gyara da kula da ordinata, ba laifi amma jarrabawa biyu ce, biya biyu, kuma yawancin abin da ke ciki wanda ya yi lisansi ya riga ya gani a aji.

Amma don Allah kar ka biya yanzu. Shiga Cisco Networking Academy, shafin koyarwa na Cisco a intanet, akwai darussa kyauta har da Faransanci, ka sauke Packet Tracer, manhajar gwajin haɗa rezo, a ordinatarka, shi ma kyauta ne kuma in ya riga ya sauka ba ya cin data sosai, ka zauna kullum bayan isha'i kana haɗa rezo kana ɓata shi kana gyarawa har rabon adireshin IP, wato lambar da ake ba kowace na'ura a rezo, ya zama maka kamar ƙirgar canji a kasuwar Dole. Ka kuma dage da Ingilishi, don da shi za ka rubuta jarrabawar, kuma nan ne yaranmu da suka yi lakwal da Faransanci suka fi shan wuya, ka san amsa amma ba ka gane tambayar ba.

Kamfanin Pearson VUE ke shirya zaman jarrabawar, ana iya yi daga gida da kamara amma ni ban ba ka shawara ba, in aka ɗauke wuta ko rezo ya tsinke kana tsaka da rubutu kuɗinka na iya salwanta. Gara ka duba a shafinsu cibiyar da ta fi kusa ka ware kuɗin mota daban.

Masu sayar da tambayoyin sata a WhatsApp kuwa ka guje su, Cisco na soke satifiket in ta kama. Na taɓa zama a wata ganawar ɗaukar aiki, yaro ya zo da takarda mai kyau, aka miƙa masa waya da na'ura aka ce saita mana, ya tsaya yana jujjuya wayar a hannu, wallahi tausayi ya ba ni.

In ka yi wata 3 kana gwaji ka sake rubuto mani inda ka tsaya. Allah shi ba da sa'a.